Yadda Mudassiru Ya Hana Mutuwa a Tsamiya Biyu

Ke Binta, rufe min baki. Wa ya aike ki? Yarinya ko wanke-wanke ba ki iya ba, sai tambaya kamar alƙali. Wai me ya sa ake ce wa ubanki Ba-ya-ciki! A zamaninmu in yarinya ta ji an yi wa ubanta laƙabi a kasuwa, haɗiyewa take yi ta dawo gida da cefanenta. To tunda kin tambaya, ga sauran kuma sun baza kunnuwa kamar zomaye, ku matso. Sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya yi dariya da tuwo a baki ya ƙware, ba ruwana, don garin nan ba mu da keken kai mutum asibiti. Dalilin rashin keken ma shi za ku ji yanzu.

“Daga Kura zuwa Bunkure, ku haɗa da Madobi in kun ga dama, babu mahaluƙin da zai yi atishawa ban riga shi sani ba!”

Mudassiru ke nan, jikana, mijina na wasa, sarkin cika baki, a teburin mai shayi ranar da ya dawo daga Kano. Kafin tafiyar nan aikinsa yankan kati ne a ɗakin shan magani na garinmu, Tsamiya Biyu. Babban ma'aikacin aka gayyata kwas, sai abin ya faɗo daidai da ɗibar tumatirinsa, ya ce Mudassiru ya je ya zauna masa a kujera. Zama kawai aka aike shi. Ya tafi yana Mudassiru, ya dawo yana Dakta. Tabarau a ido, alhali idonsa ya fi na shaho gani. Igiya a wuya da hotonsa a jiki, kamar akuyar da ake gudun ɓacewarta. A hammata kuma kwamfutar aro, yana riƙe da ita kamar jinjiri ranar suna.

A daidai lokacin wata ƙungiya ta masu taimakon lafiya ta aiko wa Maigari Dattijo da saƙo. Suna da keke mai ƙafa uku, da gado a baya, na ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin Kura. Guda ɗaya tak. Ko a ba mu, ko a ba mutanen Kan Gada da ke can ƙetaren babban kanal na ruwan noman rani. Za su turo likita ta duba inda keken zai fi ceton rai, can za a ajiye shi.

Ku ba ku san naƙuda a kan amalanke ba. Damina ta jiƙa gaɓar kanal, shanu suna tafe suna tunanin duniya, mace tana cizon zani. Akwai matan da muka fita da su ta hanyar nan ba mu dawo da su a zaune ba. Saboda haka keken nan ba abin wasa ba ne, ko da yake a hannun ɗan wasa ya faɗa.

Mudassiru ya je gaban Maigari ya zube.

“Ranka ya daɗe, keke ya zo. Ka sa a share masa wurin kwana.”

“Ta yaya, ɗan nan?”

“Da wannan.” Ya shafa kwamfutar. “Sunan aikin maikurosimuleshan.”

Hashimu mai injin casar shinkafa yana gefe, ya ce, “Allah ya raba mu da ita. Ana ɗauka?”

“Ba cuta ba ce, jahilci ne cuta. Akchuwali, gari zan gina a cikin akwatin nan. Kowane mutum na Tsamiya Biyu zan yi masa ɗan ƙaramin kansa a ciki, da shekarunsa, da ciwonsa, da ’ya’yansa. In na danna nan, kafin shayinka ya huce shekara goma ta wuce a ciki. Mu ga wa ya yi zazzaɓi, wa ya yi tsargiya, wa ta haihu, wa ya riga mu gidan gaskiya. Sai in sake dannawa da keke a garin. A kwatanta. Rayukan da keke ya ceta su fito fili, a ga ko kuɗinsa ya ci. Haka manyan ƙasashe suke yi kafin su sayi ko allura.”

Maganar gaskiya, har nan bai yi ƙarya ba. Haka aka koya musu. Sai dai malaman sun ce mutanen cikin akwati ba a sa musu suna, lamba ake ba su. Mudassiru ya ce lamba ta fursuna ce, shi mutanensa masu daraja ne. Kowa ya sa masa sunansa na yanka har da na ubansa. Sun kuma ce ƙuri'a akwatin yake jefawa a kan kowane mutum, don haka ba a yarda da dannawa ɗaya, sai an danna sau dubbai a ɗauki tsaka-tsaki. Lokacin da ake wannan bayanin shi yana layin shinkafa da kaza.

Aka shiga tattara labarin mutane. Maza shi ya ɗauka da kansa, gona-gona, majalisa-majalisa. Ya tarar da mutum kwance a gindin mangwaro, zazzaɓi yana kaɗa shi kamar ganye.

“Malam, yaya jiki?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

Ya danna: lafiya lau.

Ya je ruga wajen Jaji. Maciji ya sari Jaji a shinkafa, ƙafa ta kumbura ta yi turmi, ƙuda suna zagaya ta. Amma ku kun san Bafulatani, a yanka shi ba zai ce wash a gaban baƙo ba.

“Jaji, akwai ciwo?”

“Babu komai.”

“Wannan ƙafar fa?”

“Hutawa take yi.”

Ya danna: lafiya lau.

Mata kuwa ba shi da ikon shiga gidajen mutane, sai ya ɗora wa matarsa Nafisat, uwarki ke nan, Binta. Ya ba ta wayarsa ya kafa mata doka yana kaɗa yatsa.

“Abin da aka faɗa miki shi za ki danna. Kar ki ƙara, kar ki rage, kar ki sa ra'ayinki. Ke ba ki yi kwas ba.”

Ta ce, “To, Dakta.” Duk wanda ya san mata ya ji irin wannan “to” ɗin, ya san ya kamata ya sake tunani. Shi bai sani ba.

Nafisat ta bi gida-gida. Tambaya ta farko, akwai ciki? Yo wace mace mai hankali ce za ta buɗe baki ta ce tana da ciki, a bakin duniya, a kuma zuba a waya? Mace ta fito tana tura ciki gaba kamar ta haɗiyi tulu, ta ce, “Wane ciki? Tuwo ne.” Nafisat ta danna: tuwo ne. Tambaya ta biyu, faɗi ’ya’yanki. Asta matar Jaji ta faro daga na biyu ta gangara har auta, ga ɗan farinta tsaye a gabanta da gemu, yana riƙe mata ƙwaryar nono. Ai uwa mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma nuna ta san da shi. Haka aka yi mu, haka za mu koma. Nafisat ta danna abin da ta ji.

Da ta zo kaina na ce, “Ni amaryar Mudassiru? Shekarata sha bakwai. Ciki kuma wata uku, na tagwaye.” Tsakanin kaka da jika ai wasa ne, kowa ya sani. Ta dube ni, na dube ta. Ta danna.

Ranar gwajin farko bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Maigari. Mudassiru ya sa aka kawo masa tebur, ya ce a matsa baya kar numfashin jama'a ya shiga injin. Ya naɗe hannun riga, ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani, ya sauke shi a hankali. Ƙit.

“Shekara goma ta wuce,” in ji shi.

Aka duba jiki, ba wanda ya ga furfura ta ƙaru. Maigari ya yi gyaran murya.

“To ni fa, Dakta? Yaya nake a ciki?”

Mudassiru ya leƙa. Da mai hankali ne da ya ce rana ta haske gilashin, ba ya gani. Amma daɗin a ce ya sani ya fi masa komai.

“Ranka ya daɗe, a shekara ta uku, bayan yankan shinkafa, an yi rashi.”

“Inna lillahi. Rashin wa?”

“Naka, ranka ya daɗe.”

Kun san labari in zai yi tafiya ba ya son kaya mai nauyi. Kafin ya kai bakin titi ya yar da “a cikin kwamfuta”. Kafin ya kai Bunkure ya yar da “shekara ta uku”. Washegari da hantsi ga ’yar Maigari da ke aure can ta diro daga kan acaɓa tana kururuwa, ɗankwali a hannu, ta faɗa zaure ta tarar da mamacin yana shan rake. Ga mutanen Madobi da tabarmin zaman makoki. Ga ƙanen Maigari daga Kura, ido jawur, yana kuka mai ban tausayi, sai da ya sunkuya gaisuwa sabon rawani ya zamo daga cikin jakarsa.

Maigari ya sa aka kamo Mudassiru.

“Kai, ɗan Iliyasu. Yadda ka kashe ni haka za ka tashe ni.”

“Abu mai sauƙi, ranka ya daɗe.” Ƙit. Ya leƙa, fuskarsa ta washe. “Ka tashi! Ga ka nan daram har shekara ta goma, ka ma ƙara ƙiba.”

“Alhamdu lillahi.”

“Sai dai Hashimu ya tafi. Hawan jini.”

Hashimu ya dafe ƙirji. “Ni? Ni da ko gishiri ba na so? Sake dannawa!”

Ya sake. Hashimu ya tashi, Nasiru mai faci ya faɗi. A wannan zagayen ne kuma aka sanar wa duniya cewa Saliha, wato ni, ta sauka lafiya, tagwaye, duk maza. Har gida mata suka biyo ni da guɗa.

Daga ranar ƙofar gidanmu ta koma kasuwa. Wanda duk aka ce ya mutu a ciki sai ya zo da abin hannu a sake danna masa. Kwandon tumatir, buhun albasa, zakara, ƙwaryar nono har da man shanu a sama. Mudassiru ya daina tafiya irin ta mutane, ya koma taku ɗai-ɗai kamar zakaran da ya gaji kaji. In ya wuce mutum sai ya dube shi ta saman tabarau ya girgiza kai, ya yi gaba bai ce komai ba. Mutumin ya kwana bai runtsa ba, da safe ga shi da albasa.

Sai dai mutuwar nan ta cikin akwati ba ta fita, wuri kawai take sauyawa. A ɗauke ta daga kan wannan ta sauka a kan wancan. Ran nan aka raba Hashimu da Nasiru da ƙyar a bakin injin, sun shaƙe wuyan juna.

“Ka kai zakara an turo min mutuwarka!”

“Tawa ce? Ta Maigari ce, ni ma turo min aka yi!”

“To ka mayar masa da abarsa!”

Liman ya aika aka kira Mudassiru, ya ce abin nan ya fara kama da duba, ko ya daina faɗa wa bayin Allah ranar mutuwarsu, ko ranar Juma'a a yi huɗuba a kansa da sunansa. Maigari ya ce in ya sake jin an yi dambe a kan gawar da ke tafiya da ƙafarta, daga shi har akwatin sai sun kwana a kanal.

Mudassiru ya koma ɗaki ya rasa inda zai sa kansa. In ya daina dannawa, girma ya zube, albasa ta tsaya. In ya ci gaba, ga Liman ga kanal. Yana ta lalube a cikin injin sai ya ci karo da wurin da aka rubuta yawan mutuwa, wato cikin mutum kaza, kaza ne ke tafiya a shekara. Ya zuba wa wurin ido. Sai murmushi. A ransa ya ce duk malaman Kano da digirinsu ba wanda wannan dabarar ta zo wa. Ya goge abin da ke wurin ya sa sifiri. Ya ga na ciwo a ƙasa, ya tuna masu ƙorafin an ba su shanyewar ɓarin jiki, shi ma ya sa masa sifiri.

Ya fito tsakar gida yana gyara wuyan riga.

“Uwargida, albishirinki. Na hana mutuwa a Tsamiya Biyu.”

Na ce, “A'uzu billahi. Ka hana ɓera cin albasar da ka tara tukuna.”

Bai ji ba. Ya fita ya yi shela. Aka danna, aka sake dannawa, ba wanda ya ko yi tari. Gari ya yi sanyi, Hashimu da Nasiru suka sha shayi kofi ɗaya. Har aka fara cewa yaron nan a tsayar da shi kansila.

Ranar da likitar ƙungiya ta zo, an share ƙofar Maigari an yayyafa ruwa. Sunanta Dakta Muhsina, ’yar siririya, takalminta ko tsini babu, ba igiya a wuya, ba tabarau. Mudassiru ya dube ta ya raɗa wa Hashimu, “Wannan da ganinta ba ta yi nisa a karatu ba.” Keken kuwa yana bayan motarsu, fari tas, sabo, ledar kujera ma ba a cire ba. Mata muka tsaya daga gefen katanga muna kallonsa kamar ango.

Da ta ji an ce akwai wanda ya gina garin a kwamfuta, sai ta yi murna da gaske. Ta ce irin aikin da suke yi ke nan a ofis, ba ta zaci za ta same shi a nan ba. Mudassiru ya kumbura har maɓallin rigarsa ya nemi agaji.

“Bismilla,” in ji ta. “Nuna min garin ba keke. Shekara goma, mutum nawa aka rasa?”

Ƙit. Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya buɗe murya.

“Ko ɗaya!”

Wuri ya ɗauki tafi. Wani ya yi kirari.

Dakta Muhsina ta ce, “To sa keken.”

Ƙit. “Ko ɗaya!”

Tafi ya fi na farko.

“Ba keke, ba a rasa kowa ba. Da keke, ba a rasa kowa ba.” Ta juya wajen Maigari cikin ladabi. “Ranka ya daɗe, to keken me zai yi muku?”

Tafin ya mutu a hannun mutane. Shi kaɗai ne abin da ya mutu a garin tun da Mudassiru ya sa sifiri. Maigari ya juya a hankali ya dubi Mudassiru, irin kallon da mahauci yake wa rago.

“Akchuwali,” in ji Mudassiru. Daga nan bai san hanya ba.

Ta ce, “Bari mu duba masu ciki, tunda don su aka yi keken. Mata nawa?”

Ya leƙa. “Ɗaya.”

“A duk garin? Wace ce?”

“Saliha. Shekara sha bakwai. Tagwaye.”

“Tagwaye a cikin fari, wannan abin kulawa ne. Tana ina?”

Na dogara sandata na fito. Na buɗe mata baki ta ga filin da haƙora suka taɓa zama. Na ce, “Ga ni, ’yar nan. Sai dai kwana biyu ba sa motsi.”

Baiwar Allah ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago sai idonta ya faɗa kan Nafisat da ke bayana, ciki ya yi gaba har hijabi ya ɗage.

“Wannan fa? Ai ta kusa.”

Nafisat ta sunkuyar da kai. “Tuwo ne.”

Mudassiru ya cire tabarau ya dubi matarsa. Wallahi ranar ya fara ganin cikin. Watanni yana kwana ɗaki ɗaya da ita, amma tunda akwati ya ce tuwo ne, shi ma tuwo ya ɗauka, har yana mata faɗa ta rage ci.

Likitar ba ta so ta kunyata shi ba, ni shaida ce. Ta sassauta murya ta ce mutanen cikin akwati ba don a san ranar wani ake yin su ba, don a auna gari ne gaba ɗaya, kamar yadda mai sayen shinkafa yake duba buhu ba ƙwara ɗaya ba. Kuma in aka zuba masa ƙarya, ƙarya zai dafa ya ba ka da zafinta. Ta ce amma a gwada ko ƙirgen mutanen ma ya yi daidai, wataƙila a samu abin kamawa.

“Mu fara da wanda nake gani. Nemo kanka.”

Nan ya ɗan samu ƙarfi. Wannan ai ba wuya. Ya rubuta Mudassiru. Akwati ya ce babu. Ya rubuta Mudassiru Iliyasu. Babu. Ya rubuta Dakta. Akwati ya yi masa shiru irin na raini.

Abin da ya faru shi ne, da yake bin maza bai sa kansa ba, a ganinsa babban mutum ba ya ƙirga kansa, a gida za a faɗe shi. Ya daka wa matarsa tsawa.

“Ke! Ina nake?”

Nafisat ta ce, “Ni in kama sunan maigidan, a gaban Inna? Kuma cewa aka yi kar in ƙara komai. Ban yi kwas ba.”

Aka juya wajen uwarsa Hajara, matar ɗana Iliyasu, tana can ƙarshen mata tana neman inda za ta ɓuya. Mudassiru shi ne ɗanta na fari, tun da aka yaye shi aka miƙo min shi, a ɗakina ya girma. Dakta Muhsina ta ce, “Mama, wannan ɗanki ne?”

Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa.

Mudassiru ya ce, “Inna, don Allah. Yau ɗaya dai.”

Daga cikin mayafi murya ta fito ƙasa-ƙasa. “Ni dai nawa daga Mubina suka fara. Wannan ganinsa nake yi a gidan. Ku tambayi tsohuwa.”

Aka juyo kaina. Na ce, “’Ya’ya aka tambaye ni. Wannan mijina ne.”

Sai Hashimu ya miƙe tsaye, ya tafa hannu, ya ce, “Jama'a, ashe mutumin da ya yi wata yana raba mana mutuwa, shi ko haihuwarsa ba a yi ba!”

Dariyar da aka yi ranar sai da tantabarun gidan Maigari suka tashi. Jaji da bai taɓa buɗe haƙori a gaban mutane ba, ya faɗi a kan ƙafar da ke hutawa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma dariyar ta tsaya mana a wuya da muka ga mota ta juya da keke a baya, ta hau gada. Likitar ta ce ba ta da abin da za ta kai ofis a kanmu sai garin da ba a ciwo, ba a ciki, ba a mutuwa. Mutanen Kan Gada ba su da Dakta, saboda haka suna nan suna mutuwarsu yadda aka saba, kuma ma'aikatanta sun auna su sun gani. Can aka sauke keke.

Masu albasa suka zo suka kwashe albasarsu. Mai zakara ya tarar an cinye, ya tafi da tabarau.

Ba a yi nisa ba, ran wata kasuwar Bunkure da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, tuwon Nafisat ya tashi fitowa. Abu ya ƙi gaba ya ƙi baya, ungozoma ta ce sai Kura. Shanun amalanke suna gona. Mudassiru ya zura da gudu ba takalmi, ya haye gada, ya faɗi gaban direban keken Kan Gada yana haki.

“Ka taimaka, matata ce, naƙuda!”

Direba ya dube shi sama da ƙasa. “Daga ina?”

“Tsamiya Biyu!”

“Ikon Allah. Kun fara haihuwa?”

Bakinsa ne kawai, don yana faɗa yana tayar da keken. Rai ba a wasa da shi, mutanen Kan Gada kuma ba mugaye ba ne, bakin tsiya ne da su. Aka zo aka kwantar da Nafisat a gadon baya, Hajara ta shiga, ni na shiga da sandata. Mudassiru ya ɗaga ƙafa zai hau gefen direba, direba ya tare shi da hannu.

“Malam, wurin nan na mijin mai naƙuda ne.”

“Ai ni ne!”

Direba ya leƙo baya. “Mama, kun san shi?”

Hajara ta ja mayafi. Nafisat tana cizon zani, ko ba ta cizo ma ba za ta faɗa ba. Ni kuwa na tuna hanyar amalanke, na tuna keken da ya kamata a ce yana kwana a ƙofar Maigarinmu. Na ce, “Ja mu je, ɗan nan. An duba, ba ya ciki.”

Haka ya biyo mu a guje ta gaɓar kanal, taɓo har gwiwa, igiyar hotonsa tana dukan ƙirjinsa, masu dashen shinkafa suna ɗagowa suna masa sannu da ƙoƙari. Kafin ya iso Kura an haife ki, an wanke ki, kin yi barci kin farka. Ya shigo yana tangaɗi kamar kazar da aka tsamo daga rijiya. Ma'aikaciyar jinya ta gan shi ta tsorata, ta ce, “Bawan Allah, yaya jiki?”

Ya ce, “Da sauƙi.” Ya faɗi sumamme.

To kin ji. Kuma ki daina washe baki, ke ma ’yar fari ce, ranar da aka zo ƙirge uwarki ba ta san ki ba. Ku tashi ku ba ni wuri. A kai kwanukan nan, a rufe kaji, kowa ya yi fitsari kafin ya hau min tabarma. A sauke gidan sauro a soke shi da kyau, don sauron kanal ba ya karanta kwamfuta. Wanda na sake jin bakinsa, ni da shi ne. Ku kwanta!